Zoben da ke Ƙafar Shamuwa

Ƙarfe bakwai na safiyar wata Laraba, a daminar da na shiga aji huɗu, mu uku ne a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kunci: ni, da Baba, da mahaifiyarsa Inna. A gabanmu wata shamuwa ce kwance ta sandare, da zoben ƙarfe mai lambobi a ƙafarta ta hagu.

Mun san ta. Shamuwa duk kamarsu ɗaya, ita kaɗai muke iya warewa saboda zoben. Kowace bazara takan dawo kan reshe guda na tsamiyar ta gyara sheƙarta, kuma Inna ba ta bari a ciro iri daga rumbu sai ta hango ƙyallin ƙarfen nan. Takan ce, "Mai zobe ta sauka, a nemo sungumi." Mu yara aikinmu share kashin shamuwan da ke tsamiyar kafin mu tafi makaranta, kuma duk wanda ya ɗaga danƙo a wurin sai ya sha bulala.

A daminar nan fara ta faɗa wa gero. Aka yi feshin magani, shamuwa suka bi gonaki suna tsintar matacciyar fara. Da farko suka kasa tashi, sannan suka riƙa faɗowa, daga ƙarshe 'ya'yan da ke sheƙa suka yi ta miƙo wuya har suka daina. Baba ya ce tsuntsu ba ya ƙarewa, baɗi wasu za su ƙyanƙyashe. Inna ta ce masa, "Wa zai saka ƙwan, kai?" Zoben kuwa maƙwabta suka ce asiri ne wani ya ɗaura mata. Baba ya hana a taɓa shi da hannu. Da sanda ya ja gawar zuwa tsohuwar rijiya, ya tura ta.

Sai da na girma wani ma'aikacin gandun daji ya bayyana mini cewa masu binciken tsuntsaye ne ke sa irin zoben. In an sake ganin lambar, sun san tsuntsun ya ƙara shekara. In an kai musu zoben gawa, sun san inda ya mutu. Da haka suke kimanta manya nawa ke tsallake shekara, domin tsuntsu mai tsawon rai da manyansa yake ɗorewa, ba da yawan ƙwai ba. Tamu ba wanda ya kai labarinta.

Yau tsamiyar tana nan babu sheƙa ko ɗaya, 'ya'yana kuma a rediyo suke jin lokacin shuka. Ba mu san muna rasa shamuwa ba sai da suka ƙare.

Mai karatu, in ka tsinci tsuntsu mai zobe, ka riƙe lambar, da wurin, da ranar, ka kai ofishin gandun daji mafi kusa. Kada ka jefar.