Shunin zanen Hajiya Balki

Har gobe ban manta da wata Talata da hantsi ba, lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin gidan haihuwa na unguwar Zongo. A nan Kwatano "saj-fam" ake ce mana.

Wata matar ɗan kasuwa ta haifi namiji lafiya, muka sallame su. Kashegari kakarsa, Hajiya Balki, mutuniyar Nijar, ta dawo da shi wai ya ƙi kama nono. Yana naɗe cikin zanen rini mai sheƙi, irin wanda danginsu ke naɗe ɗan fari da shi. Irin wannan zane yana zuba, saboda haka yaron ya yi shuɗi har kunnuwa.

Na ce, "Hajiya, leɓensa bai yi mini ba."

Ta ce, "Haba madam, shuni ne. Ubansa ma haka ya yi."

Ni ba na musu da tsofaffi, ɓata lokaci ne. Na jiƙa auduga na goge kumatunsa, shunin ya fita. Na buɗe bakinsa na nuna mata harshe da dasashi, su ma sun yi shuɗi, na miƙa mata sabuwar auduga. Ta goga, ta sake gogawa. Audugar ta fito fara. Hajiya ta yi salati.

Ka'idarmu ita ce a sa wa jariri oksijin a duba. Idan matsalar huhu ce, launi yakan gyaru. Nasa bai motsa ba. Majo, shugabar ma'aikatanmu, ta ce, "Zuciya ce, a kira motar asibiti." Akwai wata jijiya da ke rufewa bayan haihuwa, su kuwa irin waɗannan yara da ita suke rayuwa. Babban asibiti kaɗai ke da maganin da ke hana ta rufewa. Muka ɗumama shi, muka sa masa ruwa, na raka su.

Ya samu maganin. Aikin zuciyar ne bai samu ba, don sai an fita ƙasar waje. A asibitin aka raɗa masa suna, kafin arba'in ya rasu. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Da na je gaisuwa, Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Mun gode, 'yata. Ya tafi da sunansa, Abdullahi."

Shi ya sa nake gaya muku, ku yara masu koyon aikin nan: ku duba cikin baki, kada ku tsaya a fata. Wani lokaci iyakar abin da za ku iya saya wa yaro 'yan kwanaki ne. Ku saya, iyayensa sun san abin da za su yi da su.