Yadda Rawanin Baba Ya Sha Bugu a Kura

Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarfe shida saura kwata

Ana idar da sallar asuba na fice daga gida, rawanin Baba ƙunshe a leda. Ni na jawo wa kaina. Ina koyon aikin jinya, hannuna ya saba da wanki, sai na tsoma masa rawaninsa ɗan Kura a ruwan omo. Ƙyallin ya mutu, ya koma kamar tsumma. Ga shi washegari za a rantsar da kansilan mazaɓarmu, na farko tun da soja suka koma bariki, kuma Baba ne zai buɗe taron da addu'a. Bai ma san ɓarnar da na yi ba. Shi ya sa na nufi Kura, wurin masu bugun rawani.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Unguwa Uku. Shida da rabi bas ɗinmu ta kama titin Zariya. Da muka zo shingen soja, babu kowa sai durom biyu da akuya a kwance.

"Nan fa aka taɓa sa ni tsallen kwaɗo!" in ji direba, ya danna oda har sau uku. Mota ta kaure da dariya.

Kura, bakwai da kwata

Na sha kunu da ƙosai a bakin tasha. Ban tambayi hanya ba, amon bugu na bi har wani zaure, inda na tarar da wani dattijo, Malam Ila, da ƙanensa, gungumen itace a tsakaninsu.

Malam Ila ya warware rawanin, ya dube ni. "Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ne, Baba."

"To zauna ka ga abin da sabulu bai iya ba."

Ya yayyafa ruwa, ya barbaɗa garin shuni, ya ninke. Suka ɗauki mabugai, wannan ya sauke, wancan ya ɗaga. Da farko shuɗi ne dusasshe. Can sai na ga inda itace ya fi ci ya fara duhu, sannan wani ja-ja ya taso yana walƙiya kamar wuyan tantabara. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Baba, jan launi kuka zuba?"

"Ina fa! Duka ne kawai. Karɓi ka gwada."

Na yi bugu goma kafaɗata ta sage, amma da idona na ga gurbin da na daka ya sake kala.

Gida, bayan la'asar

Na sami Baba a soro. Na durƙusa na miƙa masa, na buɗe baki zan yi bayani. Ya riƙo hannuna, ya juya tafin, shuɗi har farce.

"Har Kura ka je?"

"E, Baba."

Ya ɗaga rawanin a hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo. "Rabon da ya yi ƙyalli haka tun ranar sunanka. Allah ya yi maka albarka. Amma kar ka kuskura ka taɓa min babbar riga."

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni, na kuma gode wa Malam Ila.