Jarka Biyu

Maigidana ya dawo daga aiki a Fatakwal da akwatin gilashi mai ɗaukar ruwa kusan duro guda. Ya kafa shi a falonmu na Kona, ya ja masa wutar sola, ya zuba kifayen teku uku da wani reshe mai kama da ƙahon barewa. Ya ce murjani ne, kuma yana da rai. Ni murjanin da na sani shi ne na wuyan uwata, don haka na yi dariya har da riƙe ciki.

Shekara shida ina tsokanarsa. Kullum da yamma sai ya ɗauko jarka ya ƙara ruwa, ni kuma in ce, "Baban yara, mutane suna kiwon kifin miya, kai kana shayar da dutse." Ban taɓa tambayarsa komai game da akwatin ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau ban yafe wa kaina ba.

Ya rasu bayan Kirsimeti. 'Yan'uwa suka raba kayansa, ba wanda ya ko kalli akwatin. Cikin duk abin da ya bari, reshen nan kaɗai ne yake ci gaba da girma, sai na ɗaura niyyar ba zai mutu a hannuna ba.

Da zafin Maris ya shigo, ruwan ya riƙa raguwa kullum. Na san ruwan teku na gishiri ne, sai in dama gishirin da ya bari a buhu in cika. Bayan mako uku kifi ɗaya, mai launin ruwan lemo, ya fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa garin masara. Yana goga jikinsa da duwatsu, ya daina cin abinci.

Yayana yana kiwon tarwaɗa a Iware. Ya zo ya leƙa, ya ce, "Ke, wannan ba wani abu ba. Ƙara mishi gishiri. Mu tarwaɗa in ya yi ciwo, gishiri ne da ruwan shuwaka, ya ƙare."

Mutum ne da ya fi shekara ashirin da kifi, ban ga dalilin musu ba. Shuwakar ce kawai na ƙi. Na sayo gishirin girki a Kasuwar Jalingo na zuba kofi biyu.

Kwana biyu kifin ya mutu. Murjanin da ya saba buɗe 'yan gashinsa da safe ya ƙi buɗewa, launinsa ya fara zubewa daga gindi. Tsoro ya kama ni sosai. Na binciki wayar maigida na kira wani abokin aikinsa na Fatakwal, wanda ya ba shi reshen.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Matarmu, ruwa ne yake tafiya da zafi, gishiri ba ya tafiya. Ba jarka biyu ya bari ba?"

Na je bayan ƙofa. Jarka biyu ne, fara da shuɗiya. A jikin shuɗiyar akwai rubutun hannunsa: na cikawa, babu gishiri. Ita yake ɗauka kullum a gabana.

Mutumin ya ce kifin teku in ya yi ɗigo, fitar da shi ake yi zuwa wani mazubi a rage masa gishiri, ba a ƙara ba. Na kwashe sauran biyun zuwa baho. Akwatin kuma na riƙa sauya ruwansa kaɗan-kaɗan, na juya masa fanka, ina jefa gorar ƙanƙara da rana. Yayana ya dawo ya ga abin da ya faru, ban ɗora masa laifi ba. Abin da ya sani ya faɗa.

Kifayen biyu sun warke, suna nan har yanzu. Murjanin bai dawo ba. Ya yi fari fat, kuma a ƙarshe ya zama dutsen da na shekara shida ina kiransa.

Ban cire shi ba. Kullum da yamma ina ɗauko shuɗiyar jarkar in ƙara ruwa, babu mai tsokanata.