A Kawo Tsani

Shekara hamsin da 'yan kai ina shan kalma uku daga bakin mutum ɗaya: a kawo tsani. Mutumin taubashina ne, ɗan kawuna na Dauran, kuma taubashi ba a fushi da shi. Ko gaban surukanka ya yi maka tsiya, sai dai ka yi dariya ka jira ranarka.

Asalin maganar, ina ango ne, kwana tara da ɗaurin aure, muka je Dauran ni da amarya gaida kawu. Kaka ce, ana zuba gero a rumbu. Don amarya ta san namiji ta aura, na tuɓe riga na haye bakin rumbun ina karɓar damma. Taubashina ya lallaɓo ya janye tsanin. Da na leƙa ƙasa sai jiri ya kwashe ni, na rungume wuyan rumbu ina kiran a kawo tsani da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. An mayar da tsanin ma na kasa sauka. Kawu ne ya hau ya riƙa ɗora mini ƙafa taki bayan taki. Amarya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Har yau cewa take kuka take yi.

Daga ranar ban sake hutawa ba. Na yi rayuwata ina dillancin hatsi a kasuwar Moriki, kuma duk ranar kasuwa sai na jiyo kalmomin nan daga wajen kara, inda ake cinikin dabbobi. Da na dawo aikin Hajji ya zo gidana a Kaura yi mini barka, ya riƙe hannuna cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, da jirgin ya tsaya, an kawo tsani ko?" Abin haushi, an kawo ɗin.

'Yata ta uku likita ce, tana ƙarin karatu a Turkiyya. Ni da na yi sallama da boko a aji uku, ban san inda ta ɗebo kan ba, wataƙila wajen uwarta. Bara ta ɗauke ni can aka cire mini yanar ido. Da na warke sarai, ta kai ni wani gari na bakin teku in huta. Ina zaune kan rairayi da sababbin idanuna, sai na ga wasu abubuwa masu launi suna shawagi daga kan wani dutse da ya kusa taɓa gajimare.

Na ce, "Waɗancan wane irin tsuntsaye ne?"

Ta ce, "Mutane ne, Baba. Lema ce ke riƙe da su. Bibbiyu suke, gwani a baya, baƙo a gaba. Ni ma na taɓa yi."

Nan na yi kuskuren da bakina ya saba ja mini. Na sa ta ɗauki hotonsu ta aika wa taubashina, na haɗa da saƙon murya cewa gobe da ni za a tashi. Wasa nake yi, Allah ya sani. Kafin la'asar amsa ta zo, da dariyar 'yan majalisarsu a bayan muryarsa: "Ɗiyata, ki tambaya muna ko ƙasar ga suna da tsani mai tsawo. In babu, ku bari in aiko."

Washegari da hantsi muna cikin mota tana nannaɗe dutsen. Ban kalli taga ba. 'Yata ta sa ni na bar babbar riga a masauki, na sa wando da kambas kamar mai shirin buga ƙwallo. A can sama iska tana da sanyi, ƙasa kuma ta yi gangare ta tafi ta tafi, sai ta ƙare kawai. Bayanta babu komai sai sarari.

Matuƙin da aka ba ni wani kakkaura ne mai furfura a gemu. Furfurar ta kwantar mini da hankali, don mai wannan sana'a da ya kai ga furfura, to bai taɓa faɗowa ba. Ya ɗaure ni da maɗaurai ta cinya da ƙirji, ya kifa mini hular kwano, na cusa tawa hular cikin riga. Sannan ya yi bayani, 'yata tana fassarawa.

"Ya ce in ya ba da umarni ka ruga da gudu zuwa bakin can. Kada ka zauna, kada ka yi tsalle, kada ka tsaya."

"Gudu? Ni?"

"Kai, Baba."

Wannan ne ban yi shiri da shi ba. A wajenmu dattijo ba ya gudu. In aka ga mai furfura ya kwasa a guje, ba a tambayarsa, kowa sai ya bi bayansa. Rabona da gudu tun ranar da harbi ya tashi muna kan hanyar Moriki, na faɗa gonar dawa na bar takalmana a titi. Tun daga nan ƙafafuna suka riƙe cewa gudu na tsira ne, ana yin sa ne a bar mutuwa a baya. Yanzu ga wani yana cewa in tunkare ta.

Lema ta tashi bayanmu da ƙara kamar an kakkaɓe babban zane, matuƙin ya yi tsawa, na yi taku uku, na hango bakin. Sai gindina ya yanke hukunci bai shawarce ni ba. Na zauna daɓas, matuƙin ya faɗo kaina, lemar ta lulluɓe mu. Wasu Turawa da ke jiran layi suka juya fuska.

'Yata ta durƙusa kusa da ni. "Baba, a bari. Ba wanda ya sani. Zan ce iska ce ta hana."

"Waɗanda suka fasa, yaya suke sauka?"

"Motar da ta kawo mu ke mayar da su."

Na dubi motar tana tsaye a gefe, ƙofa buɗe. Na gane ta sarai. Tsani ce mai taya huɗu. Kuma ko duniya ba ta sani ba, taubashina kallo ɗaya zai yi mini ya karanta.

Na ce, "Gaya wa mutumin nan ya gyara zanensa."

Na yi bisimilla. Wannan karon ban kalli bakin ba, na kafa ido kan wani ɗan gajimare, na ruga kamar yadda nake rugawa rafi ina yaro. Ina cikin gudu na ji ƙasa ta daina amsa mini. Ƙafafuna ba su sami labari ba, suka ci gaba da tuƙa iska, har sai da matuƙin ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Haji, Haji," ya gyara mini zama.

Na jira jirin nan na kan rumbu, bai zo ba. Abin da ya zo shiru ne, sai iska a igiyoyi. Teku a ƙasa kamar an kwance turmin shuni daga marina, jiragen ruwa kamar ɓawon gyaɗa. Can sai ga shirwa tana shawagi ƙarƙashinmu. Shekara saba'in ina korar shirwa daga 'yan tsaki, cikinta kawai na sani. Ranar na ga bayanta, ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigo. Na yi salati, sannan na yi mata "shu" don kada a ce na bar al'ada.

Matuƙin ya nuna da yatsa ko ya juya mu kamar majaujawa. Na ce a'a da Hausa, kuma ya ji. Muka gangaro a hankali, rairayi yana girma, ya ce in miƙe. Na dira da ƙafafuna biyu, na yi taku huɗu, na tsaya cak. Zaman da na yi bayan nan ni na ga dama. 'Yata ta sauko bayana da wata matuƙiya, ta same ni na riga na mayar da hulata.

Na dawo gida ana kaka. Ban aika da bidiyon da aka ɗauka na tashina ba, na kai shi Dauran da kaina, da uwargida a gefe, don ita ce shaidar farko. Taubashina ya kalla sau uku a gindin darbejiya, 'yan majalisa sun yi masa rumfa. Ya miƙo mini wayar.

"Ɗaure ka anka yi awa akuya za a kai kasuwa. Wanga ba hawa ba ne. Kuma wani ya saukar da kai, yadda baba ya saukar da kai."

Na san zai faɗi haka, tun a jirgi nake jiran sa. Na dubi rumbunsa, wanda ya gina a gurbin na kawu, na cire babbar riga na miƙa wa uwargida.

Na ce, "A kawo tsani."

Aka kawo. Na hau, gwiwoyina suna ƙara a kowane taki, na zauna a bakin rumbun na sako ƙafafu. Na leƙa ƙasa. Ashe abin ko tsawon mutum biyu bai cika ba. Ga taubashina ya rungume gindin tsanin da hannu bibbiyu, fuskarsa ba dariya.

"Sauko, don Allah. Kada ka karye a gidana a ce ni ne."

"Janye shi mana. Ai ka iya."

"Na ce ka sauko, tsohon banza."

Na sha iska iya son raina, na gaya masa geronsa na bana bai kai na bara ba, sannan na sauko ba wanda ya taɓa mini ƙafa. Uwargida ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Bai sake ambaton tsani ba. Yanzu in ya hango ni sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya riƙa tuƙa iska, yana tambaya ko keken nawa ya iso. Wannan ba ta dame ni ba. Duk wanda ya tambayi ma'anarta, dole a fara gaya masa inda nake lokacin.