Abin da Inna Ta Faɗa wa Rumbu

Kunnena na hagu ya mutu tun ina ƙarama. Sanƙarau ne ya shigo ƙasar Kurfai wata bazara, ya ɗauki waɗanda ya ɗauka, ni ya bar ni da raina, ya tafi da kunne guda. A garinmu Filinge wannan bai taɓa hana ni komai ba. A lakkol, makarantar boko, bencin gaba nake zama, in karkata kai, malamai duk sun san ni, sun san gidanmu. Sai da na shiga makarantar koyon jinya a Yamai na gane kunne guda ba biyu ba ne.

Ajinmu faɗi gare shi, ga fanka tana ta kuka a saman kai. Malamin da ke koya mana sassan jikin mutum kuwa da allo yake hira. Zai ba mu baya, yana zana ƙashi da jijiya, yana zuba Faransanci ƙasa-ƙasa da sauri, sai ka ce yana tsoron tada jariri daga barci. Ni da rabin jina a leɓen mutum yake, me zan karanta a ƙeya? Na gwada ɓoye waya ƙarƙashin tebur don ta ɗauki maganarsa, ko da yake ya hana. Da na saurara, ba abin da ta ɗauka sai tarin maƙwabciyata da ƙarar awarwaronta. Ƙarshen shekara na faɗi darasinsa. Aka ce bayan hutu za a yi mana bita, a sake jarrabawa. Wadda ta sake faɗuwa ta tattara kayanta.

Kafin in taho gida na cije na je na gaya masa gaskiyar kunnena. Ya yi mini faɗa don ban faɗa tun farko ba, na kuwa ji faɗan sarai, don wannan karon yana fuskantata. Sannan ya ce waya dai a'a, amma in samo diktafon, ɗan abin ɗaukar magana, in ajiye a kan teburina.

Na iso Filinge da damina, gero ya kai ƙugu. Baba na gaya wa na faɗi jarrabawa, kuma ina bukatar diktafon. Inna ba a gaya mata irin wannan, sai dai ta ji a bakin wani. Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma sunan uwar Baba aka sa mini, don haka kunya biyu ce ta haɗu a kaina. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke," ko "waccan," shi ke nan. Ƙannena ta yi wasa da su, ta zage su, ta yabe su, ni kuwa ko tuwo za ta ba ni sai ta tura akushi tana kallon wani wuri. Na san al'ada ce, kowace ɗiyar fari ta san haka. Amma akwai abu guda da ke ci mini rai. Duk sa'ad da za ta wuce kusa da ni, ta gefen hagu take bi, tana ƴan gunaguni. In na juya na ce, "Na'am, Inna?" sai ta ce ba da ni take ba. Nakan ce a raina, matar nan ko kunnen da ya mutu ba ta riƙe wanne ne ba.

Ranar kasuwa muka je shagon wani abokin Baba mai sayar da rediyo da fitilu. Ya fito mana da iri biyu. Ɗaya babba, ja, mai lasifika da rediyo a jiki, har da ƴar fitila. Ɗayan baƙi, bai fi ɗan yatsa biyu ba, fentinsa ya fara gogewa tun a shago, sai da igiyar sawa a kunne ake jin sa. Baba ko kallon ƙaramin bai yi ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana ci-rani, yana aiko mana da kaset, kuma a wurinsa na'urar kirki ita ce wadda maƙwabta za su ji.

"Uwata," ya ce da ni, don haka yake kirana, "wanga shi na abu. Abin da ba shi da murya, ƙaƙa za shi riƙe muryaw wani?"

"Baba, ba biki za ni ba. Malamin can nesa yake, kuma baya yake ba mu."

Mai shago ya ga za mu kwana a nan. Ya naɗe su duka biyu a leda ya miƙa wa Baba. "Malam, ku tahi da su gida ku gwada. Wanda yay yi muku, ku riƙe, ku maido min gudan."

Bayan la'asar muka shirya aji a tsakar gida. Na kifa turmi ya zama teburina, na ɗora su biyun a kai. Rumbunmu da ke can ƙarshen gida, kusa da turken awaki, shi ne allo. Baba ya ce shi ne malami. Ya je ya ba mu baya, ya gyara murya, ya fara ba rumbu labarin farashin taki. To, Baba in ya yi raɗa a Filinge ana jin sa har garin Tabla. Duka biyun suka ɗauke shi tsaf, har ya fara murna. Na ce wannan ba gwaji ba ne, mai ƙaramar murya nake so, wanda ko kusa da shi kake sai ka kasa kunne.

Ni da Baba duk muka dubi wuri guda. Inna tana zaune bakin ɗaki tana tsinke ganyen tafasa.

"Ni?" ta ce wa Baba. "Mi zan ce?"

"Ki ce komi. Ƙirga kaji."

Can ta kakkaɓe zanenta, ta taka har rumbu, ta tsaya ta ba mu baya. Na danna su biyun. Daga inda muke ba a jin komai, kafaɗunta kawai nake gani, da hannunta guda da ta dafa jikin rumbun. Ta ɗan jima fiye da yadda na zata. Sannan ta dawo ta zauna kan tafasarta kamar ba ita ba.

Muka fara da jan. Ya cika gida da ƙara, kukan akuya, dakan maƙwabta, da Baba yana tambaya, "An hwara?" Inna kuwa babu ita ko kaɗan. Baba ya ce ai ba ta yi magana ba ne. Na ɗauki ƙaramin, na sa igiyar a kunnen dama.

Da farko iska ce, da akuyar can baya. Sai ga muryarta, siririya amma tas, kamar tana gefena.

"Ni ban san mi zan ce ba. Abin ga ba shi jin komi daga nan."

Sannan ta kira sunana. Sunana cikakke, yadda aka raɗa shi ranar suna. Ban san haka yake fita a bakinta ba.

"Na ga tun da kinka zo ba ki cin tuwo. Ki ci. Kunne guda ya ishe ki, da shi kinka kai Yamai. In kin ci jarrabawa, mun gode Allah. In ba ki ci ba, ɗakinki na nan, ba mai ce miki komi ina raye. Allah shi tsare min ke. Allah shi buɗe miki abin da yar ruhe."

Addu'ar ƙarshen nan ba ta fito kamar sabuwa ba. Da sauri ta zo, a gunagune, kamar abin da baki ya saba. Kuma na san wannan gunagunin. Ban taɓa jin kalmominsa ba, amma na san tsawonsa, na san yadda yake hawa ya sauka. Shi ne wanda take yi in ta bi ta gefen haguna. Ashe ta riƙe kunnen da ya mutu, ta fi kowa riƙe shi. Kunya ta kama ni, da tausayinta, da wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba, ga Baba tsaye a kaina.

"To? Ya ɗauka? Mi tac ce?"

Na dubi Inna. Hannunta ya tsaya cikin ganyen, ba ta ɗago ba.

"Ya ɗauka, Baba. Kaji ta ƙirga."

"In ji."

"Ba ya shiga kunnen manya," na ce, na cusa shi cikin zanena. Baba ya yi dariya, ya ce ɗiyan zamani ba su san abu mai kyau ba. Washegari ya mai da jan, amma sai da ya saurari labarai da shi tukuna.

Da zan koma, ina ɗaure kaya, Inna ta zo ta tsaya a ƙofa. Jakata ta tambaya, ba ni ba. "Abin ga, in ya cika, mi aka yi mishi?"

"Gogewa ake yi, Inna."

"To, madalla."

Ya cika sau da yawa. Na ajiye shi a bakin tebur, ya kamo malamin nan da ƙeyarsa da allonsa, in na koma ɗaki in yi ta mai da shi baya har sunan kowace jijiya ya zauna. Na goge ƙasusuwa na sa magunguna, na goge magunguna na sa haihuwa. Guda ɗaya ce ban taɓa gogewa ba, maganar Inna. Safiyar da aka sake mana jarrabawa ita na saurara, sannan na shiga. Na ci, ba da wani yabo ba, amma na ci.

Yanzu ina aiki a wani ɗan asibitin ƙauye ta wajen Sanam, ina zuwa gida in an samu hutu. Inna ta tsufa, har yau "ke" ce, har yau akushi take turo mini tana kallon bango. Zuwana na baya, na fito da jaka zan tafi tasha, ta ce lulluɓina ya karkace. Ta zagayo ta gefen hagu, ta kama bakinsa tana gyarawa. Ta wutsiyar ido na ga leɓenta yana motsi. In na juyo da kunnen dama, na san za ta ce ba da ni take ba. Sai na tsaya yadda nake, ina kallon ƙofar gida, har ta gama.