Sunan Senait a Kan Farin Dutse

Shekara talatin da shida ke nan, da ƙararrawar cocin Roccaserra ta buga bakwai za ka ji tarin babur ɗin Saverio Laganà yana hawo tudu. Sai ya tsaya shagon Don Tano ya kurɓi kofi a tsaye, ya tsokani kowa, sannan ya bi gari ƙofa-ƙofa da jakar wasiƙu. Ranar Asabar zai ajiye jakar nan. Ni kuwa na rantse ba zai sulale shiru ba, yau sai na tona shi!

Kun tuna shekarar da aka kawo mana masu neman mafaka goma sha ɗaya? Garin nan ya kusa tsagewa. Kullum musu ake a shagon Don Tano: wasu ƙasashen Turai sun ƙi kasonsu, wai tsarin mulkinsu bai yarda a ɗora musu baƙi ba, to mu don me? Cikin baƙin akwai Senait, 'yar Eritrea, wadda coci ya ba ɗaki jikin shagon. Wasiƙa ɗaya take jira, wadda za ta kira ta gaban masu sauraron buƙatarta. In babu sunanta a ƙofa, wasiƙar za ta koma da tambarin "ba a san mai ita a nan ba", a ce ta ɓace, a rufe maganarta.

Saverio ya rubuta sunan ya manna. Washegari babu. Ya sake, aka sake ɓarewa, har sau huɗu.

"Don Tano," in ji shi, "iskar unguwarku ta iya karatu ne? Suna ɗaya take zaɓa."

"Kai dai raba wasiƙarka ka wuce. Ranar da Hungary ta ɗauki nata, ka zo mu yi magana. Kowa da tsarin mulkinsa."

"To namu fa? Sashe na goma, wanda malami ya ja kunnenka a kansa. Wanda aka hana 'yanci a ƙasarsu yana da mafaka a nan. Ban ga inda ya ce sai Hungary ta yarda ba."

Shagon ya kwashe da dariya, ban da mai shi.

Daga nan Saverio ya zarce wurin mai sassaƙa duwatsun kabari. A garinmu, ban da gidan lauya da na likita, wa yake da suna a kan farin dutse? Da rana tsaka ya zo da dutsen da bokitin siminti, ya kafa sunan Senait a bango, jama'a na kallo. Don Tano ya fito da guduma.

"Fasa, abokina," in ji Saverio, bai ɗaga murya ba. "Amma ka tuna wanda ya riƙa mayar wa mahaifiyarka wasiƙun da take aika wa ƙanenka Mimmo a Jamus. Bakwai na kai mata da hannuna, kowace ɗauke da tambarin nan na ba a san mai ita ba. Har ta rasu tana tambayata ko ita ce ta rubuta adireshin ba daidai ba."

Don Tano ya juya ya koma shago da gudumarsa. Bayan kwana tara wasiƙar ta iso, Senait tana gonar zaitun. Wa kuke tsammani ya rufe shago ya ɗauko ta a mota ta zo ta sa hannu? Don Tano da kansa!

Kai ne, Saverio, mai babur mai tari, da ka tuna mana abin da ke rubuce a littafin ƙasarmu alhali manya na can suna jefa wa juna mutane. Kai ne ba ka yarda wasiƙa ta koma ba muddin mai ita na numfashi. Ina alfahari da kai, mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma, gobe in kun fita ku duba ƙofar maƙwabcinku, in babu suna ku sa. Senait ta sami takardunta, ta koma birni da aiki tuntuni. Dutsen yana nan, kuma Don Tano ne ke goge shi kowace safiya.