Mai Haƙoran Zinariya a Wajen Kabeji

A wani kanti a Memphis, Shanice mai karɓar kuɗi tana kallon wani dattijo mai haƙoran zinariya, zanen da ke fatar wuyansa duk ya koɗe, yana zaɓar kabeji. Lasifika na sakin tsohuwar gambarar zamani da gidajen rediyo suka taɓa haramtawa. Yanzu an cire ashar ɗin, saura rabin waƙa. Leɓɓan dattijon na cike gurbin, ba kuskure. Yana satar kallon jikarsa da ke gefensa, ko za ta gyaɗa kai.

"Kaka, wane ne wannan mai ihun? Yunwa yake ji?"

"Sosai ma, sarauniyar surutu," in ji shi. "A lokacin."

Nan Shanice ta gane muryar: ita ce ta cikin waƙar. Dattijon ya ƙara kabeji na biyu a kwando.